Yadda za ki kafa gidan abinci da sunanki a Katsina, ki ɗauki darasi daga masu girkin Faransa

Wannan bayanin na ku ne 'yan uwa mata masu girkin oda a WhatsApp da Instagram, waɗanda kullum burinsu su fita daga kicin ɗin gida su kama waje nasu na kansu, ko a GRA ko wajen Ƙofar Ƙaura, mutum ya zo ya zauna a kawo mashi abinci a faranti mai kyau ba a roba ba. Maza masu sana'ar ma ku karanta ba laifi. Mutanen Faransa sun daɗe da irin wannan gidan, wanda mai girkin shi ne mai wajen, kuma idan kika bi tarihin waɗanda suka yi ƙarko za ki ga hanyar kusan ɗaya ce.

Ki fara da zama ƙarƙashin wani, ko da kuwa duk dangi sun yarda kin iya girki. Paul Bocuse, shahararren mai girkin Faransa wanda aka haifa a 1926 a wani ƙauye mai suna Collonges kusa da birnin Liyon, ɗan gidan masu abinci ne kaka da kakanni, amma duk da haka sai da ya tafi ya yi yaron gida wajen wata mata Eugénie Brazier, wadda ita ce a 1933 ta riƙe gidajen abinci biyu kowanne da tauraro uku na littafin Michelin (littafin da ke auna gidajen abinci ya ba su tauraro, uku shi ne ƙololuwa), daga nan ya wuce wajen Fernand Point a garin Vienne ya ƙara shekaru, sannan fa ya dawo kicin ɗin babanshi. Girkin mutum goma da girkin mutum tamanin waɗanda kowa da lokacin zuwanshi ba ɗaya ba ne wallahi, kuma wannan ba a koyonshi a bidiyo, sai kin tsaya a kicin ɗin da ake ihun oda kin ga yadda ake yi. Ki samu wata mai abincin biki ko wani otal ki yi masu aiki ko wata shida ne, kuɗin da za su ba ki ba shi ne abin dubawa ba.

Sai maganar waje. Kar ki cinye jarinki a kujeru da fitilu masu ƙyalli. Lokacin da gidan su Bocuse ya samu tauraronshi na farko a 1958, takarda suke shimfiɗawa a tebur maimakon ƙyalle, na uku kuma sai a 1965 ya zo. Kuɗinki su tafi inda abinci yake: murhun gas mai kyau, firiza da sola ko janareta tunda kin san halin wutarmu, ruwa mai tsafta, da bayi wanda baƙo zai shiga bai ɓata rai ba. Tebur shida sun isa farawa. Ki ware ɓangaren iyali da labule ko katanga, domin a garin nan magidanci ba zai kawo matarshi ta zauna tsakiyar samari ba komai daɗin miyarki.

Yanzu ga inda nake so ki natsu, sunan gidan. Kakan Bocuse ya sayar da tsohon gidan abincinsu har da sunan, to shekara da shekaru ga Paul yana girki duniya na zuwa amma ba shi da ikon rubuta sunan gidansu a jikin bango, sai a 1966 ya sayo sunan ya dawo da shi. Mu nan abin da ke faruwa shi ne wani Alhaji ko ɗan uwa ya zuba kuɗi, ke ki zuba hannu da suna, ba takarda ba shaida sai "ai mu 'yan uwa ne", ranar da aka samu saɓani ki fita da tukwanenki shi ya ci gaba da sayar da abinci da sunanki. Ki yi rajistar sunan a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da sunanki ke kanki tun kafin ki buga allo, idan akwai mai zuba jari a zauna a rubuta kason kowa da wanda zai riƙe sunan in an rabu, a sa shaidu su sa hannu. Ba rashin yarda ba ne, ko addini ma ya ce a rubuta bashi.

Abinci kuma, ki rage yawanshi. Duk gidan da ya yi suna a can za ki tarar akwai abinci guda da ake tasowa daga nesa dominshi. Na Bocuse wata miya ce da ake rufe bakin kwanon da ƙullin fulawa a gasa, mai ci ya fasa murfin da cokali tururi ya taso mashi, ya fara yin ta ne a 1975 domin shugaban Faransa na lokacin Valéry Giscard d'Estaing, kuma aka ci gaba da sayar da ita shekaru da dama bayan nan. Gidan Troisgros na garin Roanne, wanda Jean-Baptiste da matarshi Marie suka kama a 1930 daura da tashar jirgin ƙasa, su kuma kifi ne da miyar wani ganye mai tsami, ɗanɗanonshi ya yi kusa da yakuwarmu. To ke mi ne naki? Idan dambun shinkafa ne da zogale ki tsaya a kanshi, idan farfesun kan rago ne ko gasasshen kifin dam ɗin Zobe ko tuwon dawa miyar kuka da man shanu to shi ɗin, ki ƙara abu huɗu ko biyar a gefe ki tsaya nan. Takardar da ke ɗauke da abinci kala arba'in, shawarma da piza da sakwara duk a kicin ɗaya, ni dai ban taɓa yarda da ita ba, dole wani abu kwanan firiza ne. Kuma ba cewa na yi ki kwaikwayi girkinsu ba, da yawa akwai giya ko naman alade a ciki wanda ba namu ba ne, tsarin aikin za ki ɗauka.

Cikin tsarin akwai abu ɗaya da za ki iya farawa gobe, romon ƙashi, wanda shi ne gindin yawancin miyoyinsu. Ki samo ƙashin sa wajen mahaucinki a sassara maki, ki gasa shi har ya yi ja, ki zuba a tukunya da ruwan sanyi ba mai zafi ba, ki sa albasa da karas, ki rage wuta sosai yadda ruwan zai riƙa ɗan motsi kawai ba tafasa ba, kumfar da ke tasowa ki riƙa kwashewa da ludayi, haka zai yi awa shida ko fiye, kar ki sa gishiri sai lokacin da za ki yi amfani da shi. In kin tace kin sa a firij washegari za ki ga ya daskare yana rawa. Ki yi miyar taushe da wannan ki gani, dunƙulen da kike sawa zai ragu da kanshi.

Sannan ki sayi sikeli, ki samu littafi. Masu duba gidajen abinci na Michelin, wanda asali kamfanin taya ne da ya fara fitar da littafin a 1900 don direbobi su san inda za su ci su kwana, suna zuwa ne a ɓoye su biya kuɗinsu kamar kowa, kuma cikin abin da suke dubawa har da ko abincin yau daidai yake da na wancan zuwan. Su ba su zuwa Najeriya, amma kwastoman Katsina ma haka yake, ranar da ya ji yaji ya yi yawa ba zai ce maki komai ba, kawai ba za ki sake ganinshi ba. Ki auna komai ki rubuta, giram nawa na daddawa, nawa na attaruhu, minti nawa a wuta, kuma da wannan awon ne za ki san nawa faranti ɗaya ya ci maki kafin ki yanka mashi kuɗi, ki haɗa da gas da mai da albashi da haya.

Cefane ki riƙa zuwa da kanki ko da sau biyu a sati ne. Bocuse ya shahara da sammakon kasuwa, har babbar kasuwar kayan abinci ta Liyon sunanshi aka sa mata. Ki san mahaucinki, ki san mai kawo maki tumatir da latas daga Ajiwa lokacin rani, ki canza abincin gefe yadda kaka ta zo da shi.

Yaran kicin kuma kowa da aikinshi, wannan tsarin wani tsohon mai girkin Faransa Auguste Escoffier ne ya daidaita shi, mai miya daban, mai gashi daban, mai kayan fulawa daban, ke kuma ki tsaya bakin ƙofar kicin duk farantin da zai fita ya bi ta gabanki ki ɗanɗana ki goge gefenshi. Na san tsoron da ake ji, wai in kin koya wa yarinya sirrin za ta gudu ta buɗe nata. Wasu za su tafi ɗin, amma gidan da babu mai iya miyar sai ke, ranar da kika haihu ko kika tafi Umara rufewa zai yi. Bocuse ya rasu a 2018 yana da shekara 91, gidan bai rufe ba saboda akwai waɗanda suka daɗe a hannunshi, duk da dai a 2020 Michelin ta rage masu tauraro ɗaya bayan shekara 55 suna riƙe da uku. Su Troisgros kuwa daga Jean-Baptiste sai 'ya'yanshi Jean da Pierre waɗanda suka kai gidan tauraro uku a 1968, sai Michel ɗan Pierre, yanzu ga César ɗan Michel, har sun tashi daga bakin tashar sun koma ƙauyen Ouches a 2017. Ki zaɓi mutum biyu tun shekarar farko, ɗiyarki ce ko ƙanwarki ko bare, ki buɗe masu littafin awon, ki riƙa bar masu kicin ɗin rana ɗaya a sati, ke ki zauna a tebur a kawo maki ki ci kamar baƙuwa.