Yadda Ake Shirya Ƙaura Da Iyali Zuwa Ƙasar Waje Da Lissafin Tsadar Rayuwa

Abin da ya fi yaudarar mai shirin ƙaura shi ne ya ɗauki albashin da aka yi masa tayi, ya canza shi zuwa kuɗin ƙasarsa, ya ga adadin ya yi masa kwarjini. Ai ba a ƙasarsa zai kashe kuɗin ba. Lissafin da ke da amfani shi ne nawa zai rage a hannu bayan haraji, haya, inshorar lafiya da hidimar yara, a garin da za a zauna. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Da farko, tabbatar bizar ta yarda da iyali

Ba kowace biza ce ke ba mutum damar tafiya da mata ko miji da yara ba, kuma dokokin na sauyawa. Birtaniya ta hana mafi yawan ɗalibai ɗaukar iyali tun watan Janairun 2024, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. A watan Maris na shekarar ta ƙara da masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. Jamus kan buƙaci abokin aure ya nuna shaidar jin Jamusanci a matakin A1, wato matakin farko na koyon harshen, kafin a ba shi bizar haɗuwa da iyali, kodayake akwai waɗanda aka ɗauke wa.

Tambayoyi uku za ka nemi amsarsu a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar, ba a bakin dillali ba: su wa aka yarda su biyo ka, shin abokin aurenka zai iya aiki, kuma a wane shekaru yaro ke daina zama ƙarƙashin bizarka. A ƙasashe da dama shekara 18 ce iyaka. In kana da ɗa mai shekara 17, kada ka yi jinkiri.

Raba lissafi gida biyu

Nan ne aikin yake, don haka a natsu. Buɗe shafi biyu: ɗaya na kuɗin da za a kashe sau ɗaya, ɗaya na kowane wata.

Shafin farko ya ƙunshi kuɗin biza na kowane mutum, gwajin lafiya, fassara da tantance takardu, tikitin jirgi, masaukin wucin gadi na mako huɗu zuwa shida, kuɗin ajiyar da mai gidan haya zai riƙe, kayan ɗaki, da tufafin sanyi in ƙasa ce mai tsananin hunturu. Wasu kuɗaɗen sukan zo a dunƙule. Birtaniya na karɓar kuɗin kiwon lafiya tun wajen neman biza, fam 1,035 a shekara ga babba da fam 776 ga yaro a farashin da aka sa a 2024, kuma na tsawon bizar gaba ɗaya ake biya. Miji da mata da yara biyu masu bizar shekara uku za su ajiye fam 10,866 tun ba su hau jirgi ba.

Shafi na biyu kuwa ka fara shi da albashin da zai shigo asusu bayan an cire haraji da fansho da inshora. Roƙi wanda zai ɗauke ka aiki ya rubuto maka wannan adadi. Daga nan sai ka cire haya, wuta da ruwa da dumama gida, abinci, sufuri, waya da intanet, makaranta ko raino, da abin da za ka riƙa aikawa gida. Wannan na ƙarshen mutane kan ji nauyin rubuta shi, alhali sun san ba makawa za su aika.

Sai kuma kuɗaɗen da baƙo bai san da su ba. A Saudiyya ma'aikaci ɗan waje kan biya riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. Mata da yara uku riyal 19,200 ke nan a shekara. A Jamus kowane gida na biyan yuro 18.36 a wata na kafofin watsa labarai, ko akwai talabijin ko babu. A Ingila mai haya ne ke biyan harajin ƙaramar hukuma, kuma ba ya cikin kuɗin hayar da ake tallatawa. Ƙasashen Tekun Fasha ba sa cire harajin albashi, amma makarantar yara ta kuɗi ce, ita kaɗai tana iya cinye abin da harajin ya bari.

Shafukan intanet masu kwatanta tsadar rayuwa irin su Numbeo na taimakawa wajen kintace, sai dai masu amfani da su ne ke shigar da farashin. Ya fi kyau ka shiga shafukan hayar gidaje na garin, ka duba gidaje goma masu yawan ɗakunan da kuke buƙata, ka ɗauki na tsakiya. Ka shiga shafin wani babban kanti na garin, ka tara cefanen mako guda kamar za ka saya, ka ninka sau huɗu da ɗan ɗoriya. In haya ta haura kashi 40 cikin 100 na abin da ke shigowa hannu, zaman zai yi ƙunci. A nemi wata unguwa, ko a sake zama kan albashin.

Ajiyar ko-ta-kwana

Bayan duk wannan, a ware kuɗin rayuwar wata uku zuwa shida da ba za a taɓa ba. Albashin farko kan zo a ƙarshen wata, wani lokaci ya tsallake saboda asusun banki bai buɗu ba, haya kuwa ba ta jira. A ƙara kashi 10 zuwa 15 a kan jimillar saboda sauyin farashin canji.

In ana neman shaidar kuɗi, a kula da sharaɗinta. Birtaniya na so kuɗin ya kwana 28 a jere a asusu ba tare da ya yi ƙasa da adadin ba ko da kwana ɗaya. Kanada ba ta karɓar kuɗin aro, kuma tana ƙidaya mata da yara ko da ba za su bi ka yanzu ba. Kuɗi mai yawa da ya faɗo asusu dare ɗaya babu bayanin tushensa yakan jawo a ƙi ba da biza.

Takardu

A fara su aƙalla wata shida kafin tafiya: fasfon kowa da sauran wa'adi fiye da wata shida, takardar aure, takardun haihuwa, sakamakon makarantar yara, katin rigakafi da bayanan likita. Ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Hague ta 1961 kan tantance takardu hatimi guda suke karɓa a tsakaninsu. Saura sai an bi ma'aikatar harkokin waje sannan ofishin jakadanci. Abin da ya fi tsayar da mutane shi ne saɓanin suna: harafi ɗaya ya bambanta tsakanin fasfo da takardar haihuwa, ko sunan uba ya zo gaba a wata takarda ya koma baya a wata. A jera su duka a tebur a gwada tun da wuri, domin gyara kan ci makonni. In ɗaya daga cikin iyaye ne zai yi tafiya da yara, ya riƙe takardar amincewar ɗayan mai hatimin lauya ko kotu.

Gida da makaranta tare ake neman su

A ƙasashe da yawa adireshinka ne ke yanke makarantar gwamnati da yaro zai shiga, don haka kada a sa hannu a haya kafin a duba makarantun unguwar. Kada kuma a tura ko sisi kan gidan da ba a gani ba. Masu damfara sun ƙware wajen ɗauko hotunan gidajen mutane. Doka ta ƙayyade kuɗin ajiya a wasu wurare: hayar mako biyar ga yawancin gidaje a Ingila, ta wata uku a Jamus. A Jamus ɗin kuma ba abin mamaki ba ne a samu gida babu komai a kicin, ko wurin wanke-wanke. A Dubai an saba biyan hayar shekara da cak ɗaya zuwa huɗu.

Rainon yaran da ba su isa makaranta ba na iya kusan kai kuɗin haya, kuma ana bin layi na watanni. A rubuta suna da zarar an san gari. Inda biza ta bari, ya fi sauƙi mai aikin ya riga iyali da wata biyu ko uku ya kama gida.

Kaya

Kwantena mai ƙafa 20 na ɗaukar kayan da girmansu ya kai kusan kyubik mita 33, amma in aka haɗa jigila, inshora da kuɗin tashar ruwa, sau da yawa sayen kayan hannu a can ya fi araha. Kayan lantarki masu aiki da bolt 230 ba sa aiki a Amurka da Kanada, inda wutar gida 120 ce, sai da na'urar sauyawa. Magunguna irin su tramadol da codeine na buƙatar izini a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ko da likita ne ya rubuta. Tsabar kuɗi da ta kai yuro 10,000 a Tarayyar Turai, ko ta haura dala 10,000 a Amurka, dole a bayyana ta wa kwastam.

Bayan sauka

Abubuwan sarƙe suke da juna: banki na neman adireshi, mai gida na neman asusun banki, wurin aiki na neman lambar haraji. A fara da layin waya da rajistar adireshi, wadda a Jamus mako biyu aka ba ta, sannan asusu da inshorar lafiya. Wasu lardunan Kanada sai an jira har kusan wata uku kafin inshorar gwamnati ta fara, sai a sayi ta wucin gadi. Lasisin tuƙi na waje yakan yi aiki wata 12 a Birtaniya, wata 6 a Jamus, kuma samun ranar jarrabawa kan ɗauki lokaci, don haka a nemi gurbi tun a watan farko.