Kurakuran da aka fi yi wajen muhawara kan ɗan wasan tsakiya a ƙwallon Ostareliya

A gasar AFL ta Ostareliya babu gardamar da ke dawowa kowane mako kamar ta ɗan wasan tsakiya. Wani ya ce wane ya gama yayi, wani ya ce a mayar da shi gaba, wani kuma ya ce koci ne ke kashe shi da ajiye shi a inda bai dace ba. Muhawara ce mai daɗi, ina kuma son ta, amma yawancin masu yin ta suna tsallake tambayar da ya kamata a fara da ita: wane aiki aka ba ɗan wasan nan ranar? Kusan duk kurakuran da ke ƙasa daga wannan tsallaken suke fitowa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 18 a fili mai siffar ƙwai. Ana buga ƙwallo da ƙafa ko a naushe ta da dunƙulen hannu. Idan an buga ta da ƙafa ta bi tsakanin dogayen sanduna biyu na tsakiya, maki 6 ke nan. Idan ta bi ta gefe, maki 1. Lokacin da alƙalin wasa zai fara wasa a tsakiyar fili, mutum huɗu kacal kowace ƙungiya ke da izinin sa wa a cikin murabba'in tsakiya: dogon da ke tsalle ya doke ƙwallo, wanda ake kira rak, da 'yan tsakiya uku. Kujeru ukun nan su ake rububi a kai.

Ƙirga yawan taɓa ƙwallo a ce shi ne ƙwazo

Wannan shi ne babban kuskure, kuma shi ya fi saurin kama mutum, domin lambar farko da ake nunawa bayan wasa ita ce sau nawa ɗan wasa ya raba ƙwallo, da ƙafa ko da hannu. Wanda ya kai 30 sai a ce ya haskaka. Wanda ya tsaya a 18 sai a fara tambayar lafiyarsa.

A 2017 Tom Mitchell na Hawthorn ya raba ƙwallo sau 50 a wasa guda da Collingwood. Hawthorn ta yi gaba da tazarar maki 43, amma Collingwood ta farfaɗo ta ci wasan, kuma kocinta Nathan Buckley ya nuna bayan wasa cewa bai ga Mitchell yana yi musu wata ɓarna mai yawa ba. Maganar ta tayar da ƙura, kuma ba na jin adalci ne a raina Mitchell, wanda a shekarar da ta biyo ya kai 54 a kan Collingwood ɗin dai, ya kuma lashe lambar Brownlow ta gwarzon ɗan wasan gasar na shekara. Amma abin da Buckley ya taɓo gaskiya ne. Gajeren naushin ƙwallo ga abokin da ke baya da kai da mita biyu, da doguwar ƙwallon da ta tsaga abokan hamayya ta sauka a ƙirjin ɗan gaba, duk "ɗaya" ake rubuta musu.

Ga ɗaya gefen kuma. A wasan ƙarshe na 2020 Dustin Martin na Richmond ya raba ƙwallo sau 21 ne kawai a kan Geelong, amma ya ci huɗu, shi ya juya wasan bayan Richmond ta kasance a baya, kuma ya karɓi lambar Norm Smith ta gwarzon wasan ƙarshe karo na uku, abin da ba wanda ya taɓa yi.

Gyaran shi ne a buɗe sauran alƙaluman da kamfanin Champion Data ke tattarawa. Sau nawa ya ƙwato ƙwallo a cikin turmutsutsu, inda ba ta hannun kowa? Sau nawa ya fitar da ita daga cunkoso bayan an tsayar da wasa? Mita nawa ya ciyar da ƙungiya gaba? A hare-hare nawa da suka ƙare da maki aka sami hannunsa? Sau nawa ya miƙa wa abokin hamayya ƙwallo, kuma a wane ɓangaren fili? Wanda ya zubar da ƙwallo a tsakiyar fili ya fi cutar da ƙungiyarsa fiye da wanda ya zubar da ita a bakin layi. Ko alƙaluman nan ma ba su kama komai ba. Ba su nuna ɗan wasan da ya tare hanya da jikinsa don abokinsa ya wuce, ko wanda ya bi mutuminsa da gudu mita 80 ya hana a ba shi ƙwallo. Wannan sai an kalli wasan, kuma an ɗauke ido daga ƙwallo na ɗan lokaci.

Ɗaukar cewa 'yan tsakiya duk aiki ɗaya suke yi

Kamar yadda mai kallon ƙwallon ƙafar da muka saba ba zai auna lamba 6 da ma'aunin lamba 10 ba, haka nan ma. Akwai ɗan tsakiyar ciki, mai ƙirar ƙarfi, wanda ke shiga ƙarƙashin tarin mutane ya tono ƙwallo ya miƙa. Patrick Cripps na Carlton da Matt Rowell na Gold Coast irinsu ne. Akwai na waje, wanda ke jiran a miƙo masa ya ruga ya buga daidai. Akwai kuma ɗan gefe, wanda ke tsayawa a wajen murabba'i, yana sintiri tsakanin gaba da baya, sau da yawa a ɓangaren da ƙwallo ba ta je ba, don kada fili ya tsuke wa ƙungiyarsa. Ed Langdon na Melbourne ya yi suna da wannan aikin.

Wanda ke ƙwato ƙwallo mutum biyu na rataye a wuyansa dole kason ƙwallayensa da suka isa inda ake so ya yi ƙasa da na wanda ke karɓa a sarari. Wanda ya ɗora waɗannan kason biyu gefe da gefe ya ce na ciki bai iya buga ƙwallo ba, bai yi masa adalci ba. A gwada na ciki da na ciki, ɗan gefe da ɗan gefe.

Yanke hukuncin faɗuwa ba tare da duba dalili ba

Wasa uku marasa kyau sun isa a fara cewa ɗan wasa ya ƙare. Kafin a faɗi haka akwai abubuwan da ya wajaba a bincika.

Na farko, an sa masa mai tsaro? A wannan wasan akwai ɗan wasan da ake ware wa aiki guda: ya manne wa gwanin abokan hamayya daga farko har ƙarshe, ko da shi kansa ba zai taɓa ƙwallo ba. Ryan Crowley na Fremantle ya ƙware a wannan har ƙungiyarsa ta ba shi lambar gwarzonta a 2012. A ƙarshen kakar 2023 Finn Maginness na Hawthorn ya tsare Nick Daicos na Collingwood, wanda a lokacin shi ake ganin zai ɗauki Brownlow, ya bar shi da taɓa ƙwallo biyar kafin Daicos ya fita da rauni a gwiwa. Babu mai hankalin da zai ce Daicos ya manta wasa a ranar. Abin tambaya a irin wannan rana shi ne me abokansa suka yi da sararin da aka bar musu, kuma ko sun taimaka masa wajen kakkaɓe mai tsaron.

Na biyu, jiki. Ƙungiyoyi ba sa faɗin duk ciwon da ɗan wasa ke ɗauke da shi. Cripps ya yi kaka biyu, 2020 da 2021, ƙasa da yadda aka san shi, yana fama da kafaɗa da baya, kuma mutane da yawa sun ce jikinsa ya gaji da duka, wasan ya fi shi sauri. A 2022 ya lashe Brownlow, a 2024 ya sake lashewa da ƙuri'u 45, adadin da ba a taɓa kai wa ba. Duk lokacin da na ji ana binne ɗan wasa mai shekara 26 da ransa, labarin Cripps nake so a tuna.

Na uku, wa ke doko masa ƙwallo? Ɗan tsakiyar da ke wasa ƙarƙashin rak irin Max Gawn na Melbourne yana samun ƙwallo tana saukowa inda yake so. Idan rak ɗin ƙungiya ya ji rauni, alƙaluman 'yan tsakiyarta kan sauka tare, ba don sun canza ba.

Sai kuma lokaci. A duba sau nawa aka sa shi cikin murabba'in tsakiya a wannan watan idan aka kwatanta da watan jiya. Ɗan wasan da a da yake halartar yawancin farawar tsakiya, yanzu kuma aka rage masa zuwa rabi, aikinsa aka canza. Haka kwatanta shekaru: a 2020, saboda annobar korona, an rage kowane kashi na wasa daga minti 20 zuwa 16, saboda haka alƙaluman shekarar ba sa gwaduwa da na sauran kai tsaye. An kuma riƙa rage yawan canjin da ƙungiya za ta yi a wasa, daga 120 a 2014 zuwa 90 a 2016 zuwa 75 a 2021, wanda ya sa koci ke hutar da ɗan tsakiya a gaba maimakon a benci.

"A mayar da shi gaba kawai"

Da zarar ɗan tsakiya ya fara manyanta, ko ya yi wata guda ba armashi, sai a ce a kai shi gaba ya riƙa cin ƙwallo. Ana faɗin haka kamar gaba wurin hutu ne. Martin ne ya jawo wannan tunanin, domin a zamanin wasansa yakan fara a tsakiya sannan ya gangara gaba ya rinjayi mai tsaronsa ɗaya da ɗaya. Amma Martin yana da abin da aikin ke buƙata: ƙarfin ƙugu da ba a iya ture shi, da ƙafar da ke ganin sanduna. Gary Ablett ƙarami ma ya yi nasara a gaba a Geelong a 2019, domin can ya fara tun yana yaro.

Nat Fyfe na Fremantle ya lashe Brownlow sau biyu, 2015 da 2019, kuma ya iya cafke ƙwallo a sama fiye da yawancin 'yan tsakiya, saboda haka a takarda ya dace da gaba. An gwada shi can a 2023. Rauni ya hana shi sakewa, kuma bugun sanduna dama ya daɗe yana ba shi wahala. A 2024 ya koma tsakiya. Kafin ka ce a kai mutum gaba, ka tambayi kanka: ya iya zaɓar lokacin da zai ruga ya tari ƙwallo? Idan ya tsaya a mita 40 jama'a na ihu, yana ci? Zai iya jure minti goma ƙwallo ba ta zo ba, kuma ya matsa wa masu tsaron baya lamba idan ta faɗi ƙasa?

Kuskuren yana da ɗan'uwa, wato ganin ɗan bayan da ke tara ƙwallaye a ce lallai a kawo shi tsakiya. Wanda ke wasa a layin da ke bayan tsakiya yana fuskantar fili gaba ɗaya, sau da yawa ba mai matsa masa, kuma tun 2019 idan ya fito da ƙwallo a guje daga bakin sandunan ƙungiyarsa bayan an ci su maki 1 ana ƙirga masa bugun. A tsakiya kuwa ana zuwa masa ta kowace fuska. Daicos ya fara daga baya a 2022 ya kuma yi nasarar komawa tsakiya, amma ba kowa ne ke haye wannan gadar ba. Luke Hodge na Hawthorn ya iya tsakiya sarai, duk da haka daga baya ya fi yi wa ƙungiyarsa amfani, yana karanta wasa yana tsara mutane, har ya ɗauki Norm Smith a 2008 da 2014.

Manta cewa kujeru uku ne

Inda ɗan wasa ya fi haskakawa da inda ƙungiya ta fi buƙatarsa ba koyaushe suke haɗuwa ba. Isaac Heeney ya shafe shekaru yana wasan gaba a Sydney, magoya baya suna kukan a sake shi a tsakiya. Ba a ajiye shi can don rashin sani ba: yana cin ƙwallaye, har an zaɓe shi cikin gwanayen gasar a 2022 a matsayin ɗan gaba. Sai a farkon 2024, da rauni ya kama Callum Mills da Luke Parker da Taylor Adams, ƙofa ta buɗe. Ya shiga tsakiya ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan shekarar, Sydney kuma ta kai wasan ƙarshe. Masu kukan sun yi gaskiya game da iyawarsa. Amma duk wanda ya ce a shigar da wane tsakiya, bashi ne a kansa ya faɗi wanda za a fitar, da wanda zai cike gurbin da aka bari a gaba. Muhawarar da ba ta amsa waɗannan biyun ba rabinta aka yi.

Rufe baki da ƙuri'un Brownlow

Alƙalan wasa ne ke ba da ƙuri'un, 3 da 2 da 1 bayan kowane wasa, kuma idonsu na kan inda ƙwallo take, wato inda 'yan tsakiya suke. Shi ya sa sai an koma 1987 kafin a sami ɗan gaba tsantsa da ya lashe ta, Tony Lockett, ɗan baya kuma Gavin Wanganeen a 1993. Ɗan wasan da aka mayar gaba ko gefe ƙuri'unsa za su ragu ko da amfaninsa ga ƙungiya ya ƙaru. Idan ana neman shaida, a haɗa da ƙuri'un masu horarwa, inda kowane koci ke ba da 5 zuwa 1 bayan wasa, da kuma lambar gwarzon shekara ta cikin ƙungiya. Masu ba da wannan ta ƙarshen su ne suka ba ɗan wasan aikin tun farkon mako, saboda haka sun san ko ya yi shi ko bai yi ba.