Tafiya gaɓar teku a ƙarshen bazara da farkon kaka: yadda ake tsara ta

A ƙasashen arewacin duniya, makonnin da ke tsakanin ƙarshen Agusta da tsakiyar Oktoba su ne mafi daɗin zuwa bakin teku. Yara sun koma makaranta, cunkoso ya ragu, kuɗin masauki ya sauka. Ruwan ma bai huce ba, domin teku yana ɗaukar zafi a hankali, yana kuma sakinsa a hankali, shi ya sa a wurare da yawa ruwan Satumba ya fi na Yuni ɗumi. A kudancin duniya wannan lokaci yana zuwa daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. Sai dai sauƙin yana tafe da sharaɗi: a daidai lokacin da teku ya fara ƙarfi, a lokacin ne ma'aikatan da ke kula da gaɓa suke tattara kayansu. Dole matafiyi ya ɗauke wa kansa aikin da wasu ke yi masa a tsakiyar bazara.

Fara da jadawalin cikar teku da janyewarsa, tun kafin ka biya kuɗin ɗaki. A yawancin gaɓoɓi teku yana cika sau biyu, ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, don haka kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Idan yau ruwa ya janye da ƙarfe 10 na safe, bayan kwana uku sai wajen 12:30. Girman cikar kuma yana bin wata. A farkon watan sama da tsakiyarsa, wato kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata da bayan cikarsa, ruwa yana hawa fiye da kullum, yana kuma janyewa fiye da kullum. Mafi girman irin wannan cika yakan zo kusa da 22 ko 23 ga Satumba, lokacin da dare da rana ke daidaita. Yashin da mutane suka shimfiɗa tabarma a kai a Yuli yana iya kasancewa ƙarƙashin ruwa a wannan makon.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne ruwan ba ya hawa da sauri ɗaya. Matuƙan jirgin ruwa suna da lissafi mai sauƙi: raba tazarar da ke tsakanin janyewa da cika gida 12. A awa ta farko ruwa yana hawa kashi 1, ta biyu kashi 2, ta uku da ta huɗu kashi 3 kowace, ta biyar 2, ta shida 1. Inda tazarar ta kai mita 6, rabin mita kawai zai hau a awa ta farko, amma a awa ta uku kaɗai zai hau mita ɗaya da rabi. Mutum ya ga ruwa na tafiyar hawainiya, ya saki jiki a bayan wani dutse, ya juyo ya tarar hanyar komawa ta rufe. A kan yashi mai shimfiɗe ruwan ba daga gabanka kaɗai yake zuwa ba, yana bi ta kwaruruka ya zagayo ta bayanka. Idan za ka zagaya ƙasan tsauni ko ka taka zuwa wani tsibiri, ka fita ruwa yana kan janyewa, awa ɗaya ko biyu kafin ya kai ƙarshe, ka juyo da zarar ya fara dawowa.

Wuri ya bambanta da wuri. A yawancin Bahar Rum tazarar ba ta kai rabin mita ba. A Mashigin Fundy na Kanada tana kaiwa mita 16. A gaɓar Faransa ta Atlantika akwai titin Passage du Gois mai tsawon kimanin kilomita 4, wanda teku ke rufewa sau biyu a rana, ba a bin sa sai kusan awa ɗaya da rabi kafin ƙarshen janyewa da awa ɗaya da rabi bayansa. Nemi jadawalin tashar jiragen ruwa mafi kusa da inda za ka, kuma ka tabbatar an rubuta shi da agogon da ake aiki da shi a lokacin, domin a wasu ƙasashe ana matsar da agogo da awa ɗaya a bazara, kuskuren awa ɗaya kuma ya isa ya jefa mutum cikin matsala.

Sai guguwa. A Tekun Atlantika lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani wajen 10 ga Satumba. A Japan ma Agusta da Satumba ne watannin da ta fi afkawa. A gaɓar Sifaniya da kudancin Faransa kuwa, iska mai sanyi ta sama tana haɗuwa da tururin teku mai ɗumi, sai a tafka ruwan wata guda cikin awoyi, busassun koramu su cika nan take. Kada ka ajiye mota ko ka kafa tanti a busasshen kwari. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. Kama masaukin da za a iya sokewa ba tare da asara ba, ka karanta takardar inshorar tafiya da kyau, domin galibi ba ta biyan asarar guguwar da aka riga aka raɗa wa suna kafin ka saye ta. Hasashen da ya wuce kwana biyar zuwa bakwai shawara ce kawai. Wanda za ka dogara da shi na hukumar yanayin ƙasar ne, a duba shi safe da yamma.

Guguwar ba sai ta iso inda kake ba. Tana iya kasancewa ɗaruruwan kilomita a tsakiyar teku, sama garau, rana fes, amma igiyoyinta sun iso. Hasashen teku yana nuna daƙiƙun da ke tsakanin igiya da igiya. Idan sun haura 12, igiyar daga nesa ta taso kuma tana da nauyi, ko da ba ta yi tsayi a ido ba. Irin wannan ce ke haifar da ruwa mai ja zuwa cikin teku: ruwan da igiyoyi suka tara a bakin gaɓa yana neman hanyar komawa, sai ya bi ta wata tsaga a cikin yashi ko gefen gadar jiragen ruwa, da gudun da kan kai mita 2 a daƙiƙa. Alamarsa wani zirin ruwa ne mai duhu, kwance, inda igiya ba ta fashewa, wani lokaci da kumfa ko yashi na tafiya ciki. Ga baƙo wurin ya fi ko'ina kama da aminci, kuma nan ne haɗarin. Idan ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi. Kwanta rigingine ka bari ruwa ya ɗauke ka, ka daidaita numfashi, ka ɗaga hannu ɗaya kana kira. In kana da ƙarfi, yi iyo a gefe, daidai da layin gaɓa, har ka fita daga zirin, sannan ka nufi tudu. Wanda ke kallo daga tudu ya jefa masa abin da ba ya nutsewa a ruwa, ya kira lambar gaggawa, 112 a Turai, 911 a Amurka, kada ya faɗa ruwan.

Masu ceto a bakin teku aikin lokaci suke yi. A Amurka wurare da yawa suna rage su ko su sallame su bayan hutun ma'aikata na Litinin ta farko a Satumba, a Turai ma farkon watan ake fara janye su. Tambayi masaukinka wane bakin ruwa ne har yanzu ake gadinsa, da kuma awoyin. Inda ake kafa tuta mai ja da rawaya, tsakanin tutocin ake wanka. Ja zalla na nufin kada a shiga. Ka tambayi zafin ruwan ma: ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Celsius yana sa numfashi ya ƙwace wa mutum a minti na farko, don haka a shiga sannu a hankali.

Jiragen fito suna komawa jadawalin kaka, wani lokaci daga jirgi shida a rana zuwa biyu, iska mai ƙarfi kuma tana sa a soke tafiya. Kada ka haɗa jirgin fito na ƙarshe da jirgin saman komawa gida a rana ɗaya. Bar kwana guda a tsakani. Mai jiri a ruwa ya sha magani kafin a tashi, yadda takardarsa ta ce, ya zauna a tsakiyar jirgin ta ƙasa, yana kallon inda sama ta haɗu da ruwa.

Kaya ba sa buƙatar dogon bayani. Riguna marasa nauyi da za a iya ɗora wa juna, rigar da ke tare iska da ruwa, takalmi mai riƙe dutse mai santsi, tocila, da jakar leda mai rufewa don waya. Man kare fata daga rana mai lamba 30 ko sama har yanzu yana da amfani, ga mai duhun fata ma, a sake shafawa duk awa biyu. Yini yana gajarcewa da sauri: a arewacin Faransa ko kudancin Ingila ana rasa kusan minti 25 na haske kowane mako a Satumba, don haka doguwar tafiyar ƙafa a kan tsaunin gaɓa da safe ake fara ta, a kuma nisanci bakinsa bayan ruwan sama, lokacin da ƙasa ke zaftarewa. In ka ji tsawa, fita daga ruwa da yashi, ka jira minti 30 bayan ta ƙarshe. Motar da ta sha iskar gishiri ko ta taka ruwan teku kuma, a wanke ƙarƙashinta da ruwa mai daɗi kafin tsatsa ta kama birki da bututun hayaƙi.