Kurakuran da 'yan golf suka fi yi wajen zaɓen ƙwallon da za ta tsaya a kan girin

Kana yadi 30 daga rami, ka ɗauki weji, sandar gajeren bugu mai ɗaga ƙwallo sama, ka buga yadda ya kamata. Ƙwallo ta sauka daidai inda ka auna, amma maimakon ta yi tsalle ɗaya ta lafa, sai ta zarce kamar an koro ta, ta wuce tuta, ta faɗa ciyawar da ke bayan girin, wato shimfiɗaɗɗen wurin da ke kewaye da rami. Yawancinmu sanda muke juyawa mu harara. Ni ma na shafe shekaru ina yin haka, har ranar da kadin da ke ɗaukar mini jaka ya ɗauko ƙwallon, ya danna ta da farce, ya ce, "Yallaɓai, ai wannan dutse ce. Ko wa ya buge ta sai ta gudu." Gaskiyarsa. Na canja weji har sau biyu, ban taɓa tambayar kaina abin da nake bugawa da shi ba.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne zaɓen ƙwallo daga inda ake fara bugu. Mutum ya shiga shago, ya karanta bayan kwali, ya ga an yi masa alkawarin nisa, ya biya. To amma a fili mai rami 18, direba, wato sandar bugun nesa, ba ta wuce fita sau 14 a zagaye guda, galibi ma ba ta kaiwa. Sauran bugun, musamman ga wanda ke kammala zagaye da bugu 90 ko 100, fiye da rabinsu a cikin yadi 100 na ƙarshe ake yin su. Kuma hukumomin da ke kula da dokokin wasan, USGA ta Amurka da R&A ta garin St Andrews a Sikotland, sun riga sun ɗaure kamfanoni: nauyin ƙwallo kada ya wuce giram 45.93, faɗinta kada ya gaza milimita 42.67, kuma a injin gwaji kada ta wuce yadi 317, da rangwamen yadi 3. Tunda kowa na aiki a ƙarƙashin rufi ɗaya, tazarar nisa tsakanin ƙwallaye masu inganci 'yar kaɗan ce. Inda suke rabuwa da gaske shi ne bakin girin. Gyaran shi ne a juya tsarin: a fara gwaji daga kusa da rami, a riƙa ja da baya, direba ta zo ƙarshe.

Laushi daban, kamu daban

A nan mutane da yawa ke faɗawa, har da waɗanda suka daɗe a wasan. Ana ganin an rubuta "Soft" a jikin kwali sai a ɗauka ƙwallon za ta manne a girin. Laushin da ake tallatawa yawanci na ƙwayar ciki ne, wato yadda take lotsawa idan an make ta da ƙarfi. Akwai lambar da ake auna shi da ita: masu taushi sosai, irin su Callaway Supersoft, suna ƙasa-ƙasa, waɗanda ƙwararru ke bugawa kuma sukan kama daga 80 zuwa 100 da ɗoriya. Wannan lambar tana gaya maka yadda za ka ji ƙwallon a hannu da irin ƙarar da za ta yi. Ba ta gaya maka ko za ta tsaya.

Dalili kuwa, a gajeren bugu ƙarfin bai kai ya lotsa ƙwayar ciki sosai ba. Ɓawon waje ne ke aikin. Fuskar weji a kwance take, tana da tsage-tsage. Idan ta shiga ƙarƙashin ƙwallo, ɓawo mai danƙo yakan matsu tsakanin ƙarfen da kuma shimfiɗa mai tauri da ke ƙarƙashinsa, tsagun su cije shi, ƙwallo ta tashi tana juyawa da baya. Wannan juyin bayan shi ne birki. A cikakken bugun weji na ƙwararre yakan kai wajen juyi 10,000 a minti, alhali direba ba ta so ya wuce 2,000 zuwa 3,000. Ɓawo mai santsi da tauri kuwa zamewa yake a fuskar sanda, ƙwallo ta tashi sama da juyi kaɗan, ta sauka ta ci gaba da tafiya.

Ɓawon iri biyu ne a kasuwa. Akwai yuritan, wani nau'in roba mai danƙo, wanda ke jikin Titleist Pro V1, Srixon Z-Star, Bridgestone Tour B, Callaway Chrome Soft da TaylorMade TP5. Akwai kuma ayonoma, wanda aka fi sani da sunan Surlyn da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro, mai juriya da araha, shi ne a jikin yawancin ƙwallaye masu shimfiɗa biyu. Abin mamakin shi ne ƙwallo mai taurin ciki da ɓawon yuritan ta fi mai taushin ciki da ɓawon ayonoma kamu nesa ba kusa ba. Don haka ka bar gaban kwali, ka juya shi, ka nemi inda aka rubuta abin da aka yi ɓawon da shi. In ba a ambaci yuritan ba, to babu shi, domin kamfanin da ya kashe kuɗi ya sa shi ba zai yi shiru a kai ba.

Tsofaffin 'yan wasa za su tuna lokacin da zaɓin ya fi haka ɗaci. Ƙwararru na buga ƙwallo mai naɗaɗɗen zaren roba da ɓawon balata, wani nau'in roba mai laushi, wadda ke kamu kamar ƙaya amma bugu ɗaya marar kyau ya isa ya yanka ta. Sauran jama'a kuma na buga mai tauri da ke nisa ba ta tsayawa. A watan Oktoban 2000 aka fito da Pro V1 a wata gasar ƙwararru ta PGA a Las Vegas, 'yan wasa 47 suka ɗauke ta a makon farko, Billy Andrade ya lashe gasar da ita. Ƙwaya daskararra don nisa, siririn ɓawon yuritan don kamu. Cikin 'yan shekaru aka daina ganin mai zare a hannun ƙwararru.

Jaka mai kama da kasuwa

Buɗe aljihun jakar ɗan wasa na tsaka-tsaki ka gani: wannan an tsinto ta a daji, wannan kyautar wata gasa ce, waccan an saya a hannun yara a bakin ƙofa. Rami na 3 ya buga mai yuritan, ta tsaya cak, ya bar ta yadi biyar kafin tuta. Rami na 4 ya ƙara ƙarfi, bai lura cewa yanzu mai ayonoma ce a ƙasa ba, ta wuce. Sai ya ce yau hannunsa ba ya ji. Hannu ba zai koyi awo ba matuƙar abin awon na sauyawa kowane rami.

A ganina wannan ya fi kuskuren ɓawo illa, kuma shi ya fi sauƙin gyara. Wanda ya tsaya a kan ƙwallo mai araha guda ɗaya, ya san cewa in ya sauke ta a nan za ta gangara taku takwas, ya fi mai buga masu tsada iri huɗu. A manyan gasanni ma akwai ƙa'idar da kwamiti kan sa, wadda ke tilasta wa ɗan wasa ya kammala zagaye da iri ɗaya na ƙwallo. Kai ba wanda ya tilasta maka, amma ka ɗora wa kanka. Ka zaɓi ɗaya, ka riƙe ta aƙalla wata uku kafin ka yanke mata hukunci.

Ƙanin wannan kuskuren shi ne atisayen gajeren bugu da ƙwallayen filin horo. Waɗancan an ƙera su ne don su sha duka sau dubbai, ɓawonsu kamar ƙwarya. Awa guda da su a bakin girin koyon ƙarya ce. Ware guda shida daga irin wadda kake wasa da ita, waɗanda suka ɗan tsufa, ka mai da su na atisaye.

Tsintattu da waɗanda aka yi wa kwalliya

Dozin ɗaya ta manyan ƙwallaye ta haura dala 50 a Amurka, kafin a yi maganar canji da kuɗin kawowa. Ba wanda zai ga laifin mai sayen na hannu, kuma wadda aka ɓatar jiya aka tsinta yau, in ba ta da rauni, lafiyarta lau. Matsalar tana wurin iri biyu. Na farko, wadda ta daɗe a cikin tafki ko ta kwana wata da watanni a rana: ba ka san me ruwa da zafi suka yi mata ba, kuma ido ba ya nunawa. Na biyu ya fi muni, wato waɗanda aka kankare, aka sake fesa wa fenti, aka buga musu tambari. Sabon fentin kan cike ƙananan kwarmin jikinta da ke riƙe ta a iska, ya kuma shiga tsakanin ɓawo da tsagun sanda. Wani lokacin ma tambarin da ke waje bai dace da abin da ke ciki ba. Kama da wane ba ta wane. In ka ga fari ya yi ƙyalli fiye da kima, kwarmin sun yi shafe-shafe, rubutun ya karkace, ajiye ta.

Wanda kuɗi ya yi wa nauyi yana da mafita ta tsakiya. Srixon Q-Star Tour, Maxfli Tour, Kirkland Signature da ire-irensu duk ɓawon yuritan ne a farashi mai sauƙi. Ba sai ka buga abin da zakaran duniya ke bugawa ba. Shi biyansa ake yi, kuma ba ya lissafin guda nawa suka faɗa ruwa.

Ƙasar da kake wasa a kai

Duk abin da ke sama an gina shi ne a kan girin na ciyawa da ake shayarwa. Wanda ke wasa a filin golf na IBB a Abuja da damina, inda ƙasa ke karɓar ƙwallo, zai ga amfanin yuritan ƙiri-ƙiri. Amma a wasu filayen Arewa abin da ke kewaye da rami ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cakuɗa da mai aka daddaɓe, wanda 'yan wasa ke kira burawun. (Masu iya magana suka ce ba girin-girin ba, ta yi mai. A nan kam an rasa girin ɗin, man ne aka samu.) A kan irin wannan yashin shi da kansa ke shanye gudun ƙwallo, kuma yana goge ɓawo mai danƙo da sauri. Biyan kuɗin yuritan don burawun kusan asara ce.

Haka kuma da hunturu, lokacin da ƙasa ta bushe ta yi ƙarau. Komai kyan ƙwallonka, in ka jefo ta daga sama kan ƙasa mai tauri, tsallen farko sai ya kwashe ta. Masu wayo a wannan lokacin sukan ajiye weji, su ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 8 ko 9, su sauke ƙwallon da wuri ta gangara. Ga mai irin wannan salon, abin nema shi ne ƙwallon da gangararta ba ta sauyawa, kuma mai ayonoma na iya yin wannan. A filin Rayfield na Jos kuwa, inda tudun ya haura mita 1,200, iska ba ta da kauri, ƙwallo na ƙara nisa kuma juyin baya ba ya ɗaga ta kamar a Legas, sai ta sauko a ɗan kwance. Awon da ka zo da shi daga bakin teku sai ka sake shi.

Wani abin kuma da zafin ƙasarmu ke jawowa: barin jaka a but ɗin mota mako da mako. Roba ce, ba ta son gashi. Shigar da ita ɗaki.

In laifin ba na ƙwallo ba ne

Akwai wanda zai karanta wannan, ya sayo mafi tsada, ya dawo ya ce ƙarya ne. Kafin nan a duba abu uku. Tsagun weji: in sun cike da laka ko sun cinye, babu haƙoran da za su ciji ɓawo. Tsumma mai ɗan danshi da buroshi sun fi sabon dozin amfani ga mutane da yawa. Sai tsabtar ƙwallon kanta. Doka ta ba ka dama ka sa alama, ka ɗaga ta, ka goge ta a kan girin, kuma tsakanin rami da rami kana iya sauya ta. A tsakiyar rami kuwa, sai ta tsage ko ta yanke ake musanya ta saboda lahani, ƙarzuwa kawai ba ta isa ba. Na uku, yadda sanda ke haɗuwa da ita. In kana fara cin ƙasa kafin ƙwallo, ko ciyawa da raɓa sun shiga tsakani, juyin ya tafi. Daga cikin doguwar ciyawa ko ƙwararru ba sa samun birki, shi ya sa suke lissafa gangara.

Gwajin kansa ba ya buƙatar na'ura. Sayi ƙaramin kwali mai guda uku daga iri biyu ko uku, kada ka fara da dozin. Je bakin girin ɗin da ka saba wasa, da yamma lokacin da ba kowa. Shimfiɗa tawul inda kake so ta sauka, ka buga daga yadi 15, sannan 30, sannan 50, kana ƙirga takun da kowace ta yi bayan saukarta. Waɗanda ba su faɗi kusa da tawul ba, kar ka lissafa su. Yi 'yan bugu daga ramin yashi, sannan ka gangara da su zuwa rami daga nesa ka saurari ƙarar, domin kunne na da hannu a awon ƙarfi fiye da yadda ake zato. Rubuta alƙaluman a bayan katin maki, ka dawo wata rana da safe, da raɓa a ƙasa, ka maimaita. Biyun da suka fi dacewa da kai, su za ka kai wurin direba.