Yadda Ɗan Kasuwar Marwa Zai Yi Ciniki ta Facebook da WhatsApp

Tun da aka fito da manhajar WhatsApp Business a 2018, mai sayar da takalman fata a Marwa da ke arewacin Kamaru ya samu shago a cikin wayarsa. Da farko ka buɗe shafin Facebook da sunan shagonka, ka ɗora hotunan kaya tare da farashinsu da sefa, domin ɓoye farashi yana korar mai saye. Masu tambaya kuwa ka mayar da su WhatsApp, inda saƙon murya ya fi tasiri, tunda da yawa sun fi sakewa da Hausa ko Fulatanci a kan rubutun Faransanci. Kada ka aika kaya wani gari kamar Garwa sai ka duba asusunka na kuɗi a waya, wato Orange Money ko MTN, da kanka, saboda 'yan damfara suna tura saƙon biya na bogi.