Masaukin baƙi a tsibirin Zanzibar: kurakuran da na gaji da gani

Yaranmu masu zanen gini, idan aka ba su aikin masaukin 'yan yawon buɗe ido a Zanzibar aka ce a bi salon gargajiya, sai su kawo bango mai kauri da 'yan ƙananan tagogi, kamar soron Kano ko Damagaram. Wannan dabara ta busasshiyar ƙasa ce, inda sanyin dare ke kwashe zafin da bango ya sha da rana. A tsibiri dare ba ya hucewa sosai, ga laima, don haka iskar da ke ratsa ɗaki ce ke sanyaya jikin baƙo. Iskar can iri biyu ce: kaskazi daga arewa maso gabas, wajen Disamba zuwa Maris, lokacin da zafi ya fi tsanani, sai kusi daga kudu a tsakiyar shekara. Ni ba na jan layi sai na san ta inda kowacce za ta shiga da ta inda za ta fita.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne siminti a kan dutsen murjani, wato dutsen teku da ake gina bango da shi a can. Wani mai masauki ya taɓa matsa wa magina su yi yaɓen siminti maimakon na farar ƙasa a bayan idona, wai farar ƙasa ba ta saurin bushewa, baƙi kuma na hanya. Ba a jima ba bango ya fara kumbura, yaɓe na faɗowa haɗe da ɓarɓashin dutse. Wa aka zarga? Mai zane. Gyaran ya cinye kuɗin aikina ƙaf. Haba jama'a! Dutsen nan yana shan ruwa mai gishiri, farar ƙasa tana barinsa ya bushe, siminti kuwa yana kulle danshin a ciki har gishiri ya cinye dutsen. Ku zagaya tsohon garin Zanzibar, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ku ga gidajen da aka yi wa wannan aika-aika. Yanzu a yarjejeniya nake rubuta shi: buhun siminti ba ya kusantar bangon murjani.

Kwano da ƙusa na gama-gari, tsatsa ce makomarsu a bakin teku. Jinkar ganyen kwakwa, wadda suke kira makuti, a yi mata gangare sosai, a kuma ware kuɗin sabunta ta tun farko.

Sai ruwa, da ake mantawa da shi sai an gama zane. Ƙaramin tsibirin Chumbe da ke kusa da Zanzibar ba shi da ruwan sha a ƙasa, shi ya sa kowane ɗaya daga ɗakuna bakwai na masaukin da ke can ke tara ruwan sama daga rufinsa zuwa tanki a ƙarƙashin daɓe, bayan gidansu kuma na taki ne, ba a kora shi da ruwa. Girman tankin nake fara lissafawa, shi ke gaya mini yawan gadon da zan sa.