Yadda Za Ki Zaɓi Katako Da Mai Don Murfin Sinkin Kicin

Da farko ki auna bakin sinkin, tsawo da faɗi, ki ƙara inci 1 a kowane gefe don murfin ya samu wurin zama.

Sai zaɓen katako, kuma nan ne aikin yake. In kin shiga kasuwar Panteka ta Kaduna, ki nemi maɗaci ko iroko, mai kaurin inci 1. Suna da nauyi, amma suna jure ruwa. Obeche da araha yake, sai dai yana shan ruwa kamar soso, falawud kuwa rabewa yake yi daga gefe. Ki dage sai busasshe. Ɗanyen katako zai yi lafiya da damina, amma hunturun Kaduna na kamawa zai lanƙwashe ko ya tsage. Ki duba bakinsa: in akwai tsaga ko ƙananan ramukan ƙwari masu zubo gari, ki bar shi.

Kafinta ya yanka, ya goge har ya yi sumul, ya kuma buga ƙananan sanduna 2 a ƙasa don kada ya zame.

Mai kuma, tunda abinci zai hau kai, a bar fenti. Man gyaɗa ma kada ki sa, yana yin ɗoyi in ya daɗe. Ki sayi man farafin irin na sha a kantin magani, ki shafa da tsumma gaba da baya har gefuna, ya kwana, ki share, ki maimaita sau 3. Kakin zuma a ƙarshe yana ƙara hana ruwa shiga.

Bayan wanke-wanke ki jingine shi ya sha iska kafin ki rufe.